Rumbu Cike, Ido a Hanya: Tarihin Lokacin Jira da Ƙasar Zuru

Duk wanda ya yi hidima a Dabai ko wani gari na ƙasar Zuru ya san yadda ƙarshen Nuwamba yake. Ruwa ya ɗauke, iskar hunturu ta fara busowa, hazo ya rufe kan duwatsu. Dawa ta nuna, ana yanka, ana ɗaure dammuna, ana gyaran rumbuna. Kuɗi ya fara shiga hannun manomi bayan watannin da aka yi ana lallaɓa ragowar hatsin bara. Maganar aure ta tashi, tela ya daina barci, iyaye kuma suna lissafin 'ya'yansu da ke aikin soja ko wani aiki a nesa, ko wa zai sami izinin zuwa gida. A daidai wannan lokaci ne firist na Katolika yakan sa riga shunayya, ya tsaya gaban bagadi, ya karanta wa jama'a labarin ranar ƙarshe, ya ce su zauna a faɗake su jira.

Wannan shi ne Adbent, wanda za mu riƙa kira Lokacin Jira. Yana farawa ranar Lahadin da ta fi kusa da 30 ga Nuwamba, wato tsakanin 27 ga Nuwamba da 3 ga Disamba, yana da Lahadi huɗu, ya ƙare da shigowar Kirsimeti. Mun sha jin masu hidima suna cewa al'adar Turai ce, ta mutanen da ke fama da dogon dare da ƙanƙara, ba ta dace da mutanen da rumbunsu ya cika suna so su yi murna ba. Maganar tana da ɗan ƙamshin gaskiya. Amma in muka bi tarihin daga tushe, za mu ga cewa ɗaya daga cikin tsofaffin saiwoyinsa a gona take.

Inda abin ya faro

Kalmar daga Latin take, adventus, ma'anarta isowa. Romawa sukan yi amfani da ita in sarkin daula zai shigo wani birni, a share hanya, manyan gari su fita tarye. Da ita ce masu fassara suka mayar da kalmar Helenanci parousia, wadda Sabon Alkawari yake amfani da ita domin dawowar Almasihu. Tun daga sunan ke nan akwai zuwa biyu a ciki: wanda ya riga ya faru a Baitalami, da wanda ake sa ido a kai.

Ba za a yi shirin biki ba sai bikin ya kafu. Shaida mafi tsufa da ke nuna ana kiyaye 25 ga Disamba a matsayin ranar haihuwar Yesu tana cikin wata kalandar birnin Roma ta shekarar 354, wadda jerin ranakunta ya koma zuwa wajen 336. Shekara kusan ɗari uku ke nan Ikkilisiya tana rayuwa da Ista, ba ta da Kirsimeti, balle shirinsa.

A shekarar 380 bishop-bishop suka taru a Saragosa ta ƙasar Sifen. Cikin dokokinsu akwai wadda ta ce daga 17 ga Disamba zuwa 6 ga Janairu, kwana 21, kada mai bi ya ƙaurace wa majami'a: kada ya ɓuya a gida, kada ya tafi kan duwatsu, kada ya riƙa yawo ba takalmi. Suna nufin wata ƙungiya ce ta masu tsananin ibada da ke ware kansu daga sauran masu bi. Masana tarihi sun rabu a kan ko wannan ne farkon Adbent. Ko ma mene ne, abin lura ne a gare mu da muke zaune a gindin duwatsu, a zamanin da hawa dutse domin addu'a ya zama abin yayi: dokar ba ta ce a ƙara tsananta wa jiki ba, cewa ta yi a zo a tsaya tare da 'yan'uwa.

Azumi kuwa daga ƙasar da yau ake kira Faransa ya fi fitowa fili. Bishop Farfetuwus na birnin Tur, wanda ya rasu wajen 490, ya tsara azumin kwana uku a mako daga ranar tunawa da Martin Mai Tsarki, 11 ga Nuwamba, har zuwa Kirsimeti. Majalisar Tur ta 567 ta ɗora wa 'yan zuhudu azumi cikin Disamba, ta Makon kuma, bayan 'yan shekaru, ta tabbatar da azumin Litinin da Laraba da Jumma'a. Mutane suka riƙa ce masa Azumin Martin. Tuba ce a gabansu, da tsoron ranar shari'a. Daga wannan gado ne muka sami rigar shunayya, da barin waƙar Ɗaukaka a Mas na Lahadi har sai daren Kirsimeti.

Azumin bayan girbi

Roma ta bi wata hanya dabam, a nan ne kuma ya kamata mu daɗe. Tun kafin a san wani abu mai suna Adbent a birnin, Ikkilisiyar Roma tana da azumi na kwana uku, Laraba da Jumma'a da Asabar, a lokuta dabam-dabam na shekara. Na Disamba ana ce masa azumin wata na goma, gama a tsohon lissafin Romawa shekara daga Maris take farawa. A ƙasar Italiya lokacin an shigar da hatsi, an matse inabi, ana ƙarasa tattara zaitun. Paparoma Liyo na Ɗaya, wanda ya yi shugabanci daga 440 zuwa 461, ya bar mana wa'azi da dama da ya yi domin wannan azumi. Wanda ya karanta su yana neman labarin komin dabbobi da makiyaya ba zai samu ba. Abin da ke bakin Liyo shi ne amfanin gona. Tunaninsa a taƙaice shi ne: an gama tattara abin da ƙasa ta bayar, ya kamata a gode wa Mai bayarwa, hanyar godiyar kuwa ita ce mutum ya rage cin abin da ya samu, abin da ya hana cikinsa ya zama abincin matalauci. Yakan haɗa abu uku wuri ɗaya, addu'a da azumi da sadaka, ya kuma ja kunnen wanda amfaninsa bai yi yawa ba kada ya yi gunaguni.

Mu lura da hikimar da ke ciki. Azumi a watan Agusta, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa kuma sabon hatsi bai iso ba, ba ya buƙatar wa'azi, yanayi ne ke sa shi. Amma mutum ya kame bakinsa ranar da rumbunsa ya cika har baki, ya ɗebi dami ya kai gidan gwauruwa kafin ya kai kasuwa, wannan shi ne ke nuna ko ya san wanda ya ba shi. Liyo yana magana ne da mutanen da ke daidai inda manomin Dabai yake a farkon Disamba.

Akwai kuma abin da ya shafi ɗaliban wannan makaranta kai tsaye. A daren Asabar na azumin Disamba ne Roma ta saba naɗa firistoci da dikinoni. Tsohon littafin tarihin paparomomi yakan maimaita cewa wane ya yi naɗi a watan Disamba. Ikkilisiya duka takan yi azumi kwana uku, ta yi tsaron dare, sa'an nan a ɗora hannu.

A ƙarni na shida ne Roma ta sami Lahadin shirin Kirsimeti sosai. Da farko sun fi huɗu. Wani tsohon littafin addu'o'in Mas yana da biyar. Daga zamanin Paparoma Giregori Babba (590 zuwa 604) da bayansa ne huɗu ta zauna a Roma, ko da yake birnin Milan har yau mako shida yake yi. Da littattafan Roma suka haura zuwa ƙasar Faransa a ƙarni na takwas da na tara, sai kogunan biyu suka haɗu: tuba irin ta Tur, da sa zuciya irin ta Roma. Shi ya sa lokacin yake da fuska biyu har yau. An bar waƙar Ɗaukaka, amma ba a bar Halleluya ba kamar yadda ake yi a azumin kafin Ista. A Lahadi ta uku ma akan sauya shunayya da ruwan hoda, domin waƙar shiga ta ranar daga Filibiyawa 4:4-5 take, inda Bulus yake kira a yi farin ciki saboda kusantowar Ubangiji.

Ikkilisiyoyin Gabas ba su sassauta ba. 'Yan Otodoks na Girka suna azumin kwana 40 daga 15 ga Nuwamba. A nan Afirka, Kibɗawan Masar suna yin kwana 43, Habashawa kuma suna kiran nasu Azumin Annabawa. A Yamma kuwa azumin ya yi ta raguwa, har littafin dokokin Ikkilisiyar Katolika na 1917 bai bar wani azumin dole a wannan lokaci ba sai kwana ukun nan na Disamba da jajiberen Kirsimeti. Abin da ya rage shi ne addu'a, ita ma ba ƙarama ba ce. Daga 17 zuwa 23 ga Disamba, a addu'ar maraice, kafin waƙar Maryamu da bayanta (Luka 1:46-55), akan kira Almasihu kowace rana da suna ɗaya daga annabawa: Hikima, Ubangiji, Tushen Yesse, Mabuɗin Dawuda, Hasken Asuba, Sarkin Al'ummai, Immanuwel. Kowace addu'a roƙo ɗaya take ɗauke da shi, ya zo. Fiye da shekara dubu ke nan ana yin su. Zoben ganye mai kyandir huɗu da muke gani a gaban bagadi kuwa ɗan jiya ne in aka gwada: wani fasto ɗan Lutheran, Yohan Hinrik Wikan, shi ya fara shi a gidan yara marasa galihu a Hambug ta Jamus a 1839, da ƙafar keken doki, domin yaran sun dame shi da tambayar yaushe Kirsimeti. Wannan ɓangare kam na ƙasar sanyi ne, ba mu musu.

Yadda ya iso gare mu

Limaman ƙungiyar SMA sun kafa mishan a Shendam a 1907, daga nan aikin Katolika ya yi ta bazuwa a Arewa. A ƙasar Zuru, masu mishan na United Missionary Society, waɗanda aikinsu ya haifi UMCA, sun riga sun zauna tun shekarun 1920, Littafi Mai Tsarki cikakke kuma ya fito da Hausa a 1932. Katolika na farko a wannan yanki da Latin suka fara jin addu'o'in Lokacin Jira. Manomi yana ganin rigar Fada ta sauya launi, amma abin da Ishaya ya faɗa sai katikis ya fassara masa.

Majalisar Batikan ta Biyu ce ta buɗe ƙofa, da takardarta kan sujada ta 4 ga Disamba 1963, wadda ta ba da dama a yi amfani da harsunan jama'a. A 1969 Paparoma Bulus na Shida ya amince da sabon tsarin kalanda, wanda ya fayyace fuskoki biyun: daga Lahadi ta fari zuwa 16 ga Disamba hankali yana kan dawowar Almasihu, daga 17 zuwa 24 yana kan haihuwarsa. Aka kuma shirya karatu na shekara uku, ta Matiyu da ta Markus da ta Luka, amma tsarin Lahadin ɗaya ne kowace shekara: ta fari zaman faɗake, ta biyu da ta uku Yohanna Mai Baftisma, ta huɗu Maryamu ko Yusufu. Wannan tsari dai ya bar wa taron bishop-bishop na kowace ƙasa su tsara kwanakin addu'a domin amfanin gona bisa ga yanayin ƙasarsu. Wato tsohon azumin Liyo ba a binne shi ba, an miƙa shi ne ga masu ƙasa.

Ranar 15 ga Disamba 1995, tsakiyar Lokacin Jira, aka yanki ƙasa daga dayosis na Minna da Ilorin da Sakkwato aka kafa yankin mishan na Kontagora, wanda Zuru take ciki, aka ba Fada Timothy Carroll na SMA shugabanci. An ɗaga matsayinsa a 2002, Bishop Bulus Dauwa Yohanna ya karɓi ragama a 2012, ya zama cikakken dayosis a 2020. Ƙasa ce mai faɗi, ƙauyuka a warwatse, firistoci ba su kai yawan majami'u ba. A ƙauyuka da yawa katikis ne ke riƙe da Lahadi huɗun nan, shi da Zumuntar Mata da 'yan kwaya, Fada kuwa yana zagaye domin jin furta zunubi kafin biki. Jama'ar da take jiran firist mako da mako kafin ta karɓi Jibin Ubangiji ba baƙuwa ba ce ga jira.

Lelna, waɗanda Hausawa ke ce wa Dakarkari, suna da nasu darasin tun kafin zuwan mishan. A al'adar golmo, saurayi tare da tsararrakinsa yakan yi wa mahaifin yarinyar da zai aura noma shekara bakwai. Bikin Uhola kuwa, da ake yi bayan girbi, godiya ce domin amfanin shekara, a nan ne kuma ake nuna waɗanda suka cika wa'adinsu. Mai wa'azi ba zai rasa tuna Yakubu a gidan Laban ba (Farawa 29). Misalin yana da amfani, domin yana nuna cewa jira na gaske da fartanya a hannu ake yinsa, cikin ƙungiya, ana kuma sane da alkawarin da aka ɗaura. Amma mu yi hankali da inda misalin ya tsaya. A golmo, ango ne ke biya da guminsa. A Sabon Alkawari kuwa Ikkilisiya ita ce amarya, Angon shi ne Almasihu. In za mu yi amfani da misalin daidai, to, shi ne ya yi golmo, mu ne waɗanda aka yi wa wahala. Wa'azin da ya juya wannan zai koya wa mutane cewa da azuminsu suke sayen zuwan Ubangiji.

Ba za mu ɓoye laifinmu ba. A majami'u da yawa, na Katolika da waɗanda ba na Katolika ba, makonnin nan sun zama na tara kuɗi. Bikin godiyar kaka da gwanjon kayan baiko sukan cinye Lahadi ɗaya ko biyu, ɗaurin aure ya cinye Asabar, waƙoƙin Kirsimeti su fara tun kafin Yohanna ya buɗe baki. (A dā doka ta hana shagalin ɗaurin aure a wannan lokaci, yanzu an yarda, sai dai ana so firist ya tuna wa ma'aurata irin lokacin da ake ciki.) Ba mu ce a daina godiyar kaka ba, gama ita ce ma ta fi kusa da tushen Roma. Tambayar ita ce ina dammunan suke zuwa. A wurin Liyo, gidan matalauci suke zuwa. A wurinmu sau da yawa rufin kwano da bulo suke zama, alhali a Zuru da kewaye akwai iyalan da 'yan bindiga suka kora daga ƙauyukansu, waɗanda wasunsu ba su yi shuka ba balle girbi.

Lokacin Jira na 2025

Ranar Litinin 17 ga Nuwamba 2025, kafin asuba, 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandaren 'yan mata ta gwamnati a Maga, ƙaramar hukumar Danko/Wasagu, cikin masarautar Zuru. Suka kashe mataimakin shugaban makarantar, suka tafi da ɗalibai 25. Ranar Jumma'a 21 ga watan aka shiga makarantar Katolika ta St. Mary's a Papiri, ƙaramar hukumar Agwara ta Jihar Neja, cikin dayosis ɗin Kontagora, aka kwashi yara da malamai fiye da ɗari biyu, wasu yaran na firamare ne. Ranar Lahadi 23 ga watan Paparoma Liyo na 14 ya yi kira daga Roma a sake su. 'Yan matan Maga sun dawo ranar 25 ga Nuwamba. Na Papiri kuwa suna daji aka shiga Lahadi ta fari, 30 ga Nuwamba.

Shekarar Matiyu ce. Ba wanda ya zaɓi karatun saboda abin da ya faru. Tun 1969 suke a jere. Lahadi ta fari, Ishaya 2 yana maganar ranar da za a mayar da makaman yaƙi kayan noma, Matiyu 24 kuma yana misali da maigidan da ɓarawo ya shigo masa da dare. Mai wa'azin da ya karanta wannan a gaban iyayen da aka shiga ɗakin kwanan 'ya'yansu da dare ya san dole ya auna kalmominsa. Lahadi ta biyu, 7 ga Disamba, Ishaya 11 ne, inda namun daji masu kisa suke kwance tare da dabbobin gida, ƙaramin yaro yana kiwonsu. A ranar ce labari ya fito cewa an saki yara 100. Sauran 130 sai ranar 21 ga Disamba, Lahadi ta huɗu, ranar da ake karanta sunan Immanuwel.

Akwai jarabar mai wa'azi ya jera waɗannan ranaku ya ce ga shaida, kalanda ta yi aiki. Muna ba da shawara a guje mata. A wannan watan akwai waɗanda aka kama a wasu ƙauyuka da sunansu bai shiga rediyo ba, akwai kuma gidan malamin Maga, inda ba dawowa ake jira ba. In muka ce addu'a ta karɓu ne domin waɗannan sun dawo, me za mu ce wa wancan gida?

Lahadin da ta fi koya mana aikinmu ita ce ta uku, 14 ga Disamba, wadda ba a saki kowa ba. Ita ce Lahadin farin ciki, ta riga ruwan hoda, yara da malamai 130 kuwa suna hannun mutane a daji cikin sanyin hunturu. Karatu na fari, Ishaya 35, ya yi alkawarin komowar waɗanda aka fansa. Na biyu, Yakubu 5:7-10, ya kawo manomi, yadda yake haƙuri da gonarsa daga ruwan fari zuwa na ƙarshe. Ba wanda ya buƙaci a bayyana wa mutumin Dabai wannan. Bishara kuwa Matiyu 11 ce: Yohanna Mai Baftisma yana kurkukun Hirudus, ya aiki almajiransa su tambayi Yesu ko shi ne mai zuwan, ko kuwa a sa ido ga wani. Mutumin da ya nuna Almasihu da yatsa a bakin Urdun ne yake wannan tambaya, Ikkilisiya kuma ba ta ji kunyar sa ta a tsakiyar ranar murnarta ba. Yesu bai tsawata masa ba. Ya aika masa da labarin makafi da guragu da matalautan da ake yi wa bishara, ya kuma yabe shi a gaban taro bayan manzannin sun tafi. Yohanna bai fito daga kurkukun ba. Sura uku a gaba, Matiyu ya ba da labarin yadda almajiransa suka zo suka ɗauki gawarsa suka binne, sa'an nan suka tafi suka faɗa wa Yesu.